Mai Yi wa Gireda Sallama

Jiya a hanyar Ɗanbatta na wuce masu gyaran titi. Ƙamshin sabon burji da hayaƙin dizal suka doki hancina, sai kewar dattijon da ya koya mini tuƙin gireda ta taso mini.

Bai taɓa tayar da ita ba sai ya zagaye ta, yana leƙa ƙarƙashi yana cewa, "Salamu alaikum." Mu kuwa 'yan koyo mu yi ta dariya a ɓoye.

Ranar jarrabawata, a wata hanya tsakanin gonaki, ɗoki ya sa na haye kawai. Ya hauro ya zare makullin.

"Ka yi sallama?"

"Baba, ai ba kowa."

Ya sauka, ya durƙusa gindin tayar baya, ya yi sallamarsa. Sai ga murya cikin magagin barci: "Amin, wa'alaikumus salam." Wata tsohuwa ce da ta zo yin kalar gyaɗa a gonakin, rana ta koro ta inuwar motar.

Ya kayar da ni ranar, ko faɗa bai yi ba.

Har yau ina yin sallamar, ina kuma ɗan dakatawa, kamar zan ji gyaran muryarsa a bayana. Allah Ya sa da sallama mala'ikun rahama suka tarbe shi.