Sandar Fatsar Baba da Giwan Ruwan Kaka

Kakata ta zo Kuala Lumpur ne wankan jegon Mama, da niyyar komawa Yawuri da zarar an yi arba'in. Sai korona ta rufe duniya, jirgi ya daina tashi, ta maƙale tare da mu a saman bene a unguwar Danau Kota. Matar da ta tashi tana jin ƙarar kwalekwale, ga ta tana kallon rufin motoci ta taga.

Abin da ya fi damun gidan shi ne ta daina cin abinci. Duk kifin da aka kawo daga kedai, wato shagon da ke ƙasan benenmu, sai ta juya shi da yatsa ta ce, "Wannan ƙanƙara ce mai ido." Shayi da burodi kawai take sha, har awarwaronta ya fara zamewa zuwa gwiwar hannu. Asibiti kuwa a lokacin ba wurin kai tsohuwa ba ne. Baba ya tsorata, ya yi alkawari a gabanmu cewa da hannunsa zai kamo mata kifi mai rai.

Baba ɗalibin digiri na uku ne, kuma mutum ne da ba ya shan ruwa sai ya karanta bayan robar. Ya yi odar sandar fatsa ta intanet. Mai sayarwar ya rantse cewa za ta ɗaga wani ƙaton kifi mai zane-zane a jiki, wanda Turawan Amurka ke rungumewa a bidiyo kamar ɗan yaye. Mama ta ce, "Abban Hanan, wannan kifin fa babu shi a Malesiya." Ya ce ai in ta iya da shi, ta iya da kowa, amma dole ya tabbatar.

Da buhun shinkafa aka fara. Aka koma jarkar ruwa, aka koma tukunyar gas. Daga nan ya ɗaura zaren a bel ɗina, ya ce in ruga cikin falo ina fizga kamar kifi, ƙanwata Hanan tana ihu, "Boleh, Baba, boleh!" wai sandar za ta iya. Ranar da ya zura ƙugiyar ta baranda, zanen wata dattijuwa 'yar Malesiya ya kamo daga shanyar ƙasa da mu, Mama ce ta sa takunkumi ta je ba da haƙuri. Har aka sassauta doka, aka buɗe tafkunan da ake biya a yi fatsa, Baba yana nan yana gwaji.

Kaka ba ta ce masa uffan ba, kuma ba za ta ce ba. Shi ne ɗanta na fari. Ba ta kama sunansa, ba ta roƙonsa komai, in ya shigo ɗaki sai ta dubi bango. In maganar ta kama dole, sai ta ce da ni, "Maigidana, gaya wa mai gidan nan."

Amma tana da tatsuniya. Bayan sallar isha'i sai ta sa a kashe fitila, ta kunna maganin sauro mai murɗe a bakin baranda, mu kewaye wannan ɗan jan garwashin kamar murhu. Takan buɗe da, "Ga ta nan, ga ta nanku, ta hau lif ta iso." Mu kuma mu amsa, "Ta wanke hannu ta shigo mu ji ta." Ran nan ta ɗaga murya yadda za ta kai teburin da Baba ke karatu.

Wai an yi wani masunci a bakin Kwara, ana ce masa Na-Gwaji. Ya sari gora ya yi sandar fatsa, don akwai wani giwan ruwa a gurbin gaban garinsu wanda ya gagari kowa. Kafin ya je ruwa sai ya ce bari ya gwada. Ya ɗaura kaza, sandar ta ɗaga. Ya ɗaura akuya, ta ɗaga. Ya ari jakin maƙwabci, jaki ya yi ta harbin iska, sandar ta lanƙwashe ta miƙe. Ruwa ya cika ya janye, abokansa sun yi su sun yi banda, shi yana bin gari yana neman wanda zai ara masa raƙumi. Giwan ruwa ya gaji da jira, har ya aiko kwaɗo ya tambaya ko lafiya.

Nan Kaka ta yanke tatsuniyar ta fara jan carbi. Na ce, "Kaka, to sandar ta karye ko ba ta karye ba?"

"Ni ina na sani, maigidana? Ba a je ruwa ba."

Hanan ta fashe da kuka. Kashegari muka sake zama, ta ƙara shanu, ta ƙara turmi, amma ƙarshe babu. Muka gane inda makullin yake, muka koma kan Baba. Yana wanka muna bakin ƙofa, yana darasi ta kwamfuta muna leƙo kai muna cewa, "Baba, yaushe za a je ruwa?" Da ya ga babu sarki sai Allah, wata safiya ya saɓi sandar ya ce in biyo shi.

Mun wuni a bakin tafki, takunkumi ya jiƙe da gumi. Wajen la'asar zaren ya motsa. Baba ya kafa ƙafa, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya fizga da duk ƙarfin da ya tanada wa kifin Amurka. Wata 'yar karfasa da ba ta wuce tafin hannu ba ta yi sama, ta wuce kanmu, ta faɗa cikin ciyawa a bayanmu. Da rarrafe muka nemo ta. A mota kunya ta ishe shi.

Kaka ta leƙa bokitin, ta ga kifin yana buɗe baki. Ba ta dubi Baba ba. Ta karɓi wuƙa ta gyara shi da kanta, ta yi farfesu, ta cinye har kai, ta tsotse ƙaya, sannan ta ce Mama ta ƙaro tuwo. Baba yana tsaye a ƙofar kicin yana ta goge gilashin idonsa.

Da daddare ta ƙarasa mana tatsuniyar. Wai da Na-Gwaji ya isa ruwa, ya tarar giwan ruwa ya tsufa ya mutu tuni, jikansa ne ya ciji ƙugiyar don tausayi. "Aka dafa, aka ci, aka ƙoshi. Ƙurunƙus kan karfasa." Daga teburin karatu muka ji Baba ya tuntsire da dariya.

Da daɗewa na ɗauka tsiya kawai take yi masa. Sai da na girma, na fara ganin halinsa a jikina, na fahimci ba sandar yake shakka ba. Tsoro yake ji ya dawo wa uwarsa hannu rabbana alhali tana ramewa a gabansa, shi ya sa yake ta ɗaga tukunyar gas. Ita kuma ba ta taɓa neman giwan ruwa ba. So take ɗanta ya fita ya dawo mata da abin da Allah ya ba shi, kuma ba ta da bakin faɗa masa sai ta bakin Na-Gwaji. Ina kewarta ƙwarai. Daga ranar har jirgi ya buɗe, duk Asabar Baba yana bakin tafki, ita kuma ta koma Yawuri da ƙibarta.