Rigar da Kaka ta ɗinke

A hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Minguettes muka tashi, inda babu halin hura wuta. Don haka jikin shofaj, ƙarfen ɗumama ɗaki, Kaka Mariyama take jingina bayan sallar isha'i, ta miƙe ƙafafu, mu jikoki huɗu mu zagaye ta. Mutuniyar Damagaram ce, ta yi shekaru tana ɗinki a unguwar Goutte d'Or ta Paris kafin ciwon gwiwa ya maido ta wajenmu a Lyon. Gizo da Ƙoƙi muna sha kullum, amma akwai labari ɗaya da idan ta gama ba ta cewa ƙurunƙus.

Wai wata mata ce daga Ostireliya, ƙasar da rana ke fitowa lokacin da tamu ke faɗuwa. 'Yar makiyayin tumaki ce, ta fara da ɗaukar wa maza kaya a wurin shirya fim, har ta kai ita ke cewa a tsaya, ƙarti su tsaya cak. Ta zo Paris yin fim, aka nemi mai gyaran tufafi, wani direba ɗan Chadi ya kai Kaka.

Ranar farko aka ba ta ajiyar rigar da jarumar za ta sa, a matsayin matalauciya. Kaka ta duba, ga datti, ga yaga a kafaɗa. Kunya ta kama ta a madadinsu. Ta tafi da rigar gida, ta wanke, ta ɗinke yagar, ta yi guga, har da turaren wuta. Ashe kwana uku aka yi ana tsufar da rigar da gangan, kuma an riga an ɗauki rabin fim da ita.

"Wallahi, Maigida," haka take kirana don tsokana, "mai kula da tufafi har kuka ta yi. Na ce yau kam na kori kaina, na kunyata bawan Allahn da ya kawo ni."

Sai matar nan 'yar Ostireliya ta zo, ta shinshina rigar, ta bi ɗinkin da yatsa, ta tambayi dalili. Kaka ta ce da guntun Faransancinta, "Madam, talaka ba ƙazami ba ne. In tana da allura, ba ta fita da yaga." Matar ta ce uwarta ma haka take yi. Ta sa aka sake yaga rigar, aka zaunar da Kaka bakin taga, aka ɗauki hannuwanta suna ɗinkewa, aka saka cikin fim kamar na jarumar ne.

Ni tun ina ƙarami da taurin kai nake. Na ce, "Kaka, yaya sunan fim ɗin?" Ba ta sani ba. Sunan matar fa? "Madam." Muka fashe da dariya, na ce wannan ko Gizo bai kai ta ba. Ta yi murmushi ta ce, "To, Maigida, ka fi ni boko." Daga ranar ba ta ƙara ba da labarin ba. Na lura, amma ban nemi gafara ba.

Shekara uku bayan rasuwarta, ina jami'a, wata sinima a Lyon ta yi makon tsofaffin finafinan wata darakta 'yar Ostireliya da ta ci kyaututtuka. Abokai suka ja ni, ban ma kawo komai a raina ba. Can tsakiyar fim sai ga taga, ga riga, ga hannun wata mata da lalle ya koɗe a farce, da ɗan yatsan nan da keken ɗinki ya karkatar. Tana gama ɗinki ta naɗe zaren sau biyu a yatsa ta tsinke, yadda Kaka take yi wa wandunan makarantarmu. Ko fuskarta ba a nuna ba.

Sai a lokacin na gane ba labarin shahara take ba mu ba. So take mu san an taɓa tambayarta dalili, ta faɗa, aka saurara, abin da jikanta ya kasa yi. Washegari na koma ni kaɗai na zauna a layin gaba. Da hannuwan suka bayyana na ce, "Kaka, na yarda," da ƙarfin da har na kusa da ni ya waiwayo.