Labulen Hoton Teku

Matata aikin jinyar tsofaffi take yi a gidajensu. Wani tsohon Bature da ta yi wa jinya, ranar da za a mayar da shi wurin 'yarsa, ya ba ta hoton da ke rataye saman gadonsa. Ta rungumo shi a jirgin ruwa, ta hau bas da shi har Park Hill, unguwar da muke zaune a nan ƙasar waje.

Ba na ainihi ba ne, bugawa aka yi. Tsohon ya ce mata wani mai zane na ƙasar Beljiyam ne ya yi shi tun zamanin da, kuma mai gemun da ke tsakiya riƙe da mashi mai baki uku shi ne wanda Rumawa suka ɗauka yana mulkin teku. Dawakai masu wutsiyar kifi ke jansa. Kewaye da shi mata ne jibga-jibga cikin kumfa, ko ƙyalle babu a jikinsu.

Kallo ɗaya na yi, na kau da kai.

"A ɗakin da muke salla?"

"Maigida, dubi damtsen nan. Wallahi Baba ne in ya ɗaga mashi a kwalekwale." Mahaifinta masunci ne a Gaya.

"Baba ne da mata tsirara?"

"To wa ya aike ka kallonsu?"

Washegari ta ɗinka masa ɗan labule. Kafin kowace salla ta ja, in an sallame ta buɗe. Ni kuwa na juya kujerata ta ba shi baya, ban ƙara dubansa ba.

Cikin wani lokacin sanyi ta kwanta ciwo. Asubar da muka tafi asibiti, a zaune ta yi salla, ta ja labulen, ba ta dawo ta buɗe ba. Masu ta'aziyya suka zo suka tafi, sun zaci taga ce. Ɗakin ya yi mini girma. In na dawo daga aiki nakan yi sallama, in tsaya kaɗan, sannan in kunna fitila.

Da zaman ya gagara, wani abokina ɗan garinmu mai talla a Canal Street ya ce in koma ɗakinsa a unguwar Harlem. Ranar kwashe kaya ya tambaye ni abin da ke bayan labulen, na gaya masa.

"Ɗan'uwa, bar shi a shara. Kada ka ƙara mata nauyi a kabari."

Ya sauka da akwati. Na ciro hoton, na ce bari in gani sau ɗaya kafin in yar.

Ashe ta tufatar da su. Kowace mace da zaninta har ƙirji, an yanko daga atamfa an liƙa, wasu har da ɗankwali. Mai gemun ma an sa masa 'yar shara. Na gane koriyar atamfar da ta ɗinka da sallar farko da muka yi a ƙasar nan. Na gane atamfa mai ruwan ƙasa da ta sa ranar da na tarye ta a filin jirgi. Ina cikin ɗakin ta yi duk wannan, bayana a juye.

Mace ɗaya ta rage a can gefe, matata ba ta kai ga tufatar da ita ba.

Abokina ya hawo ya leƙa. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙan ta," ya ɗauki hoton da kansa.

A Harlem na yanko gefen labulen, na ɗaura wa ta ƙarshen zani. Nawa ya karkace. Haka na bar shi. Yanzu ni ke ja, ni ke buɗewa.