Malama Tsince-tsince da Jirgin Gora

Tun tana amarya maigidanta ya san irin matar da ya auro. Murfin sabuwar tukunya ya ɓace, aka yi ta nema, ashe yana makaranta, yara na tara shi a kan ruwan zafi su ga yadda tururi ke komawa ruwa. Famfon kekensa kuwa, sai dai shi ya riƙa aro a wurinta.

Malamar kimiyya da lissafi ce a wata firamare, kuma ba ta iya wuce gorar roba ko gwangwani a hanya ba ta sunkuya ba. Shi ya sa yara suka laƙa mata Malama Tsince-tsince, ita ma ta amsa abinta. Duk abin da ta tsinto yana cikin wani tsohon kabad a bayan aji, wanda in ka buɗe shi da garaje sai marafan kwalba su yi maka ruwa a ka.

Ranakunta su ne na makon ƙarshe kafin hutu. An gama jarrabawa, malamai sun duƙufa kan makin takardu, yara na hamma. Ita a lokacin take buɗe kabad. A narkar da ƙanƙara a rana da inuwa, a auna inuwar bishiya da igiya. Tana da taurin kai guda: ba ta taɓa faɗin amsa. In yaro ya tambaya, sai ta ce, "Ni ma ina na sani? Gwada mana."

To, bana za ta yi ritaya, kuma shugaban makaranta ya faɗa mata gaskiya: in wadda za ta gaje ta ba ta son kabad ɗin, cikin hutu za a kwashe shi a kai bola. Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai. Sabuwar malamar kuwa yarinya ce mai tsafta har da ta sayarwa, wadda ko alli da 'yan yatsu biyu take riƙewa. Ran da ta leƙa kabad ɗin, cewa ta yi, "Mama, wannan duk shara ce ko akwai na amfani?"

Ranar da za a ba da hutu, Malama ta fito da yara fili don jirgin gora. Kowane rukuni ya rubuta a jikin gorarsa inda zai je hutu, wasu gidan kaka, wasu gidan gwaggo. A zuba ruwa, a toshe baki da roba mai bawul ɗin keke, a kifa gorar a jingine, a yi ta buga famfo har ta tashi. Sannan a ja igiya a ga jirgin wa ya fi nisa. Sabuwar malama na tsaye can gefe a inuwa, ta rungume jakarta.

Malama ta dafe ƙugu ta ce, "'Yata, bayan nan nawa ya ƙi. Zo ki riƙe mini rukunin nan." Bayanta lafiya lau yake, Allah dai ya yafe mata.

Yarinyar ta zo ba da son ranta ba. Ta yi tunani irin na mai hankali, ta ce tunda ruwa ne ke tura jirgin, a cika gorar fal. Amsa ta zo wa Malama har bakin leɓe, ta haɗiye ta da ƙyar. Aka buga famfo. Toshiya ta fice, gorar ta yi wani ɗan tsalle kamar kwaɗo ta faɗi a wurin, ruwan kuwa ya wanke sabuwar malama tun daga gyale har takalmi.

Malama ta ce a ranta shi ke nan, kabad ya tafi bola.

Yarinyar ta share fuska, ta harari gorar. "Mama, me ya hana ta tashi?"

"Ni ma ina na sani?"

"Au, haka ne?" Ta jefar da jaka a kan ciyawa, ta naɗe hannun riga. "Kai, rage ruwan nan zuwa rabi. Ke, ja igiya. Ku kuma ku je kabad ku kwaso mini duk gorar da ke ciki."

Da rabin ruwa jirgin ya tashi, amma bai kai nisan jirgin 'yan gidan kaka ba. Aka sake ragewa. Gardama ta kaure, sabuwar malama da yara kowa na rantsuwa da nasa awon. Aka kaɗa ƙararrawar tashi hutu, babu wanda ya ko waiga.

"Ba mai tafiya sai mun gano daidai!" in ji sabuwar malama, gyale a jiƙe, tana buga famfo da kanta.

Malama Tsince-tsince ta tsaya kaɗan, ko wani zai tuna yau ce ranarta ta ƙarshe. Babu wanda ya tuna. Abin ya ɗan sosa mata rai, ba za a ɓoye ba. Ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa a hankali. Tana sa ƙafa waje ihun yara ya tashi a bayanta, muryar sabuwar malamar ta fi ta kowa. Dariya ta ƙwace mata ita kaɗai a kan titi, har mai shagon gefe ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

"Lafiya ƙalau," ta ce. "Mantawa aka yi da ni."