Ranar da Kwamfutar Shagona Ta Manta Gidanta

Ni ba mai riƙe abubuwa a ka ba ne, da yawa sun wuce na manta su. Amma ranar da aka kusa wanke kwamfutar shagona da muryar yayana a ciki, wannan kam tana nan har in koma ga Allah.

Noma nake yi a wani ƙauye tsakanin Makoda da Kunci, ina kuma da ɗan shagon cajin waya mai sola a bakin kasuwa. Yayana malami ne, shi ke tafsiri a masallacin garinmu duk azumi. 'Yarsa ta fari, wadda ta karanci harkar kwamfuta take aure a Bacirawa, ita ta riƙa sa a ɗauki karatun. Ta tara shi kaf a wata tsohuwar kwamfuta da take kira saba, ta kawo shagona. Mutum ya zo da wayarsa, ya buɗe wani shafi, ya zaɓi karatun da yake so. Aikina in kunna da safe in kashe da magariba. Iyakar ilimina ke nan.

Yayana ya rasu. Da azumin farko bayan rasuwarsa ya matso, mutane suka fara zuwa neman karatunsa. Na ga kwamfutar tana nauyi, sai na kira wani mai gyaran waya na kasuwarmu ya yi mata sharar ciki. Washegari shafin ya ƙi buɗewa. Fitila na ci, fanka na juyawa, karatu babu. Abin da ke wayoyin mutane guntu-guntu ne, cikakken yana cikin akwatin nan kaɗai.

Mai gyaran ya dawo, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Baba, wannan sai dai a wanke ta a sa sabuwar manhaja."

"Karatun fa?"

"Ai da shi za a wanke. Wa ya sani ma ko yana nan."

Har ya zaro filas ɗinsa mai ɗauke da sabuwar manhajar. Na ce ya dakata in kira 'yar marigayi. A garinmu sabis ba ya shiga shago, sai ka hau wani tsohon suri a bakin gonaki, da ɗan nisa. Na taka cikin zafin bazara na hau.

Tana jin bayani ta ce, "Baffa, kar ya taɓa komai. Ko maɓalli ɗaya. Ka tambaye shi me ya goge jiya."

Na sauko na koma. Mai gyaran ya sosa ƙeya, ya ce ya ga wani fayil da layin lambobi a ciki, ya ɗauka ƙwayar cuta ce ta rubuta su, ya share. Na sake komawa suri, gumi na bin bayana, na faɗa mata. Sai na ji tana dariya, ni kuwa raina a ɓace.

"Karatun Baba na nan, Baffa. Wannan fayil ɗin shi ke gaya wa kwamfuta inda kowa yake zaune. Layin da ya goge shi ne adireshin ita kanta. Shafin na neman rumbun karatu, an ce masa yana gida, ita kuma ta manta ina ne gida."

"Ke, tana zaune a kan tebur. Ni na ɗora ta. Ina za ta je neman gida?"

"Ba ta san a kan tebur take ba. Sai an rubuta mata."

Akuyata ma in magariba ta yi ba ta tambayar kowa hanya. Na ce to ta ba ni adireshin. Ta ce ɗari da ashirin da bakwai, ɗigo, sifili, ɗigo, sifili, ɗigo, ɗaya. Na ce wa ya ba wa tamu wannan lamba, gwamnati? Ta ce a'a, duk kwamfutar duniya lambarta ke nan in tana nufin kanta.

Nan kaina ya kulle gaba ɗaya. Na ce, "In lambar kowa ɗaya ce, ba za ta je ta ɗauko karatun wani a Legas ba?"

"Baffa, in ka ce 'ni', wa kake nufi?"

"Ni mana."

"Mai shayi ma in ya ce 'ni', kansa yake nufi. Ka taɓa jin kun rikice?"

Na ce ban taɓa ji ba. Gaskiya ban gane ba, kuma har yau in aka ce in maimaita wa wani zan kwaɓa. Na dai gaji da tsayuwa a rana. Ta turo layin ta saƙon tes, da yadda za a buɗe fayil ɗin, na sauko riƙe da waya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Na tarar shago ya cika. Limamin garin na zaune a benci, ga wasu tsofaffi biyu da suka yi karatu wurin marigayi. Mai gyaran ya karanta saƙon ya taɓe baki.

"Layi ɗaya? Baba, in layi ɗaya ke gyara kwamfuta, da mun rufe shago."

"Kai dai rubuta. In ta ƙi, ka ga na hau surin nan a banza."

Ya buɗe wani baƙin allo, ya rubuta lambobin, ya ba da tazara, ya rubuta wata kalma da ya ce sunanta localhost. Ya kashe ya kunna. Ina tsaye ina kallon allon da ba na iya karantawa, ina tunanin da wane ido zan kalli matar yayana in abin ya ƙi. Liman ya miƙo wayarsa, aka taɓa shafin, ya ɗan yi juyi, sai ga surori a jere. Aka danna ta farko.

Kafin bisimilla yayana yakan yi gyaran murya sau biyu, ya ce wa na baya su matso. Shi muka fara ji. Ɗaya daga cikin tsofaffin nan kuwa ya ja jiki ya matso kan benci, bai ma san ya yi ba. Babu wanda ya yi masa dariya. Mai gyaran ya mayar da filas ɗinsa aljihu a hankali.

A cikin satin 'yar marigayi ta zo da kanta ta kwafi karatun ta ajiye a wurare daban-daban, ta kuma yi wa mai gyaran bayani, shi ya gane, ni ban gane ba.

Abin da na ɗauka a ranar ba na kwamfuta ba ne. In abu ya ƙi buɗewa, ba lalle ya ɓata ba, wataƙila hanyar zuwa gare shi ce ta toshe. Kuma duk wanda ya ce maka a share a fara sabo, ka ce ya dakata tukuna, ka je ka tambayi wanda ya ajiye kayan, ko da sai ka hau suri a tsakar rana.