Raɗar Garzali Daso

Shekara takwas Garzali Daso ya yi yana shiga ƙarƙashin ƙasa a birnin Greensboro a durƙushe. Karatun injiniya ya kawo shi daga Kano a 1978, amma abin da ya samu shi ne duba magudanan ruwa na ƙarƙashin titi a wani kamfanin ƴan kwangila. Hular kwano, tocila, takalmin roba har gwiwa. Babu tsagar da bai sani ba.

A 1986 aka malale wani fili da kwalta don sayar da motoci, aka juya ruwansa cikin tsohon bututun da ya bi ta ƙarƙashin unguwar baƙaƙen fata a gabashin gari. Garzali ya shiga ya auna. Bututun ba zai ɗauka ba. A taron ma'aikata shugabansu, wani dattijon Bature, ya ce komai lafiya, ko da mai magana? Garzali ya sunkuyar da kai. Ai ba a ƙaryata babba a gaban jama'a. Sai da aka watse ya bi shi har bakin mota ya faɗa masa a hankali. Dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce ya ji.

Ruwan Agusta ya sauko. Murafen ƙarfe na magudanan suka yi tsalle daga titi, gida goma sha ɗaya suka sha ruwa har taga. Masu bincike suka zo, dattijon ya buɗe fayil: ina rahoton mai dubawa? Babu. Raɗa ba ta barin sawu.

Matarsa Ruƙayya ba ta rage masa komai ba.

"Baban Larai, kunya kake kiran wannan? Wallahi tsoro ne. Takardar izinin zamanka a ƙasar nan na hannunsa, shi ya sa ka bi shi kana raɗa kamar mai neman aure."

"Ke, tarbiyya ce!"

"To tarbiyyar ta je ta kwashe musu ruwan."

Kwana uku bai kula ta ba, don ya san gaskiya ta faɗa. Ranar da kamfanin ya tara mutanen unguwar a coci don lallashi, Garzali ya miƙe. Ya faɗi faɗin bututun, ya faɗi ranar da ya auna, ya faɗi wanda ya gaya wa, ya faɗi shirun da shi kansa ya yi da dalilinsa.

Dattijon ya ja shi gefe, fuska ja wur. Me ya hana shi zuwa ofis su yi magana su biyu?

"Mun taɓa yi," in ji Garzali da ƙarfi, yadda na layin baya ma za su ji.

Ranar Litinin aka karɓe hular da tocilar.