Don Cleto da Kwalaben Taɓonsa

Ƙarfe shida na safe, kafin masu kwalekwale su fara kwasar 'yan makaranta, Don Anacleto Xol, wanda kowa ke kira Don Cleto, ya riga ya buɗe rumfarsa da ke gindin gadar kogin Río Dulce. Yakan ajiye kofin gahawarsa a kan teburin walda, ya ɗauki tsumma ya bi kwalabensa yana gogewa. Sun fi sittin. Kowace da sunan wuri a jikinta, a cikinta kuma abin da ya ɗebo daga ƙasan ruwan wurin ne: baƙin taɓon tafkin Golfete, yashin bakin tekun garin Lívingston, ciyawar ruwa ta wajen tsibirai. Shekara talatin da takwas sana'arsa ɗaya ce, wato anga, ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Yana gyara ta, yana ƙera ta, amma abin da aka fi zuwa nema wurinsa shi ne ya zaɓa wa mutum wadda ta dace da jirginsa. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin hannunsa ya fara rawa, walda kuwa ba ta yarda da haka.

Duk wanda ya shigo yana nuna anga mai ƙyalli, Don Cleto ba ya kallon inda yatsan ya nufa. Tambaya yake yi. Tsawon jirgin nawa? Nauyinsa fa, in an cika tankin ruwa aka loda kayan abinci? A ina za ka tsaya? Sai ya sauko da kwalbar wurin, ya ce mutum ya sa yatsa. Doña Remigia, mai soya ayaba a gefen rumfar, ta ce ta ga masu manyan jirage sun fita suna huci, bayan sati guda sun dawo suna sosa ƙeya.

Na yi shekaru ina wucewa ta gabansa, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Gwaggona Ofelia ce ta sa na shiga.

Da mijinta ya rasu, ya bar mata ƙaramin jirginsu mai tafiya da iska, wanda suka yi shekara ashirin suna yawo da shi tare. Ta iya tuƙi fiye da shi, kowa ya sani. Abu ɗaya ne ya gagare ta. Angar marigayin mai bakin garma ce, kilo ashirin da biyar, ga doguwar sarƙa, kuma jirgin ba shi da injin jan anga. Sau biyu masunta suna zuwa su ciro mata ita. Ɗanta Wílmer ya ce ya isa haka, ya rubuta allon sayarwa ya ɗaura a jikin jirgin.

"Mama, ranar da iska ta juya ba kowa kusa fa? Ki ciro anga da hannunki a gabana, ni da kaina zan cire allon. In kin kasa, a sayar."

Duk wanda ta yi wa zancen sai ya ce mata babbar anga ita ce kwanciyar hankali, ta haƙura. Ni na raka ta rumfar, na tsaya bayanta kamar ba na nan.

Don Cleto ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Doña Ofelia, miƙo hannunki." Ya ɗora mata ƙarfe, ya sauke, ya ɗora wani, yana kallon kafaɗarta.

"Don Cleto, jirgi za ka auna ko ni?"

"Ke mana. Jirgin na san shi tun yana sabo. Marigayi ya sayi angar nan ne don maza su gani a yaba masa. Na gaya masa, ya ce in kama bakina."

Ta yi dariya har da hawaye, karo na farko tun bayan jana'iza.

Ya sauko da kwalbar Golfete, ya buɗe, wari ya cika rumfar. Ya ce a irin wannan taɓo mai laushi, mai bakin garma noma take yi, tana tafiya tana huda. Abin da ke riƙewa faɗi ne. Ya jawo wata mai faffaɗan kunnuwa biyu, ta alminiyam, kilo bakwai, ya haɗa mata gajeriyar sarƙa da doguwar igiya.

Da Wílmer ya gan ta sai ya ce, "Wannan ai murfin tukunya ne."

"Ɗana, ka zo ranar Asabar ka ga murfin tukunya," in ji Don Cleto. Ya juya wurin gwaggo. "Amma ki ji. A kan ciyawa ba ta kamawa. In za ki tsibirai, ki dawo mu sake magana."

Ranar Asabar muka fita Golfete. An ce ni da Wílmer mu zauna, kada wanda ya taɓa igiya. Don Cleto ya biyo mu a kwalekwalensa ya tsaya nesa. Gwaggo ta sauke anga, ta saki igiya ninki bakwai na zurfin ruwan kamar yadda ya koya mata, ta ja jirgin baya da inji har igiyar ta miƙe tana ɗiga. Wajen ƙarfe uku iska ta taso daga gabas, irin mai mayar da ruwa fari. Wani babban jirgi da ke gabanmu angarsa ta saki, ya fara ja da baya, ya wuce ta gefenmu, mai shi yana ihu. Na zuba ido kan wata bishiyar kwakwa a gaɓa, ina auna ta da bakin jirginmu. Minti arba'in, ba ta gusa ba.

Iska ta lafa. Sai dai ta riga ta tura angar can cikin taɓo. Gwaggo ta ja, ta sake ja, ko motsi. Na ga Wílmer ya buɗe baki, na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Na kalli kwalekwalen. Don Cleto bai matso ba. Hannu kawai ya ɗaga ya nuna gaba.

Ta tuna dabarar da ya koya mata. Ta tattara igiyar har ta tsaya tsaye a ƙarƙashin jirgin, ta ɗaure ta tamau, ta koma baya ta tura inji gaba a hankali. Jirgin ya sunkuyar da kai, ya yi jim, sannan ya ɗago. Ta dawo ta jawo angar da hannu biyu, baƙin taɓo har gwiwar hannu, ta dire ta a gaban ɗanta.

"Ga murfin tukunyarka. Wanke."

Ya wanke. Sannan ya ciro wuƙa ya yanke igiyar allon.

Don Cleto, kai ne ka tsaya nesa a ranar, alhali kana iya matsowa ka taimaka. Ka san in ka taɓa igiyar nan, sayar da jirgin za a yi. Kai ne mai auna kafaɗa kafin ka auna ƙarfe. Mutane nawa ne suka ci abinci lafiya a kan ruwan nan, suka yi wanka, suka shanya kaya, ba su san kai ka riƙe su ba? Ni ban iya faɗa maka wannan baki da baki ba, shi ya sa na rubuta. Mun gode.

Masu tasowa a sana'ar nan, da ma kowace sana'a, ku leƙa rumfar kafin ƙarshen wata, ku ga yadda ake tambayar mutum kafin a miƙa masa kaya. Kwalaben ba za su ɓata ba, gwaggo ce za ta karɓe su. Jiya ta dawo daga wani lungun tafkin Izabal da sabuwar kwalba, ta kai masa. Ya buɗe, ya sunsuna, ya ce, "Wannan ba ni da ita."